Makarar da Yara Suka Haɗa

Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa zai koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya amsa kira a tsakiyar wannan dogon hutun, damina na tsaka, a zauren gidansa da ke Ƙofar Wambai. Ya dawo daga masallaci da safe, ya zauna kan benci yana jiran yaran da yake koya wa aikin hannu kamar kullum. Matarsa ta kawo masa koko ta tarar rai ya yi halinsa.

Cikin ruɗewa babu wanda ya tuna da yaran. Sai ga kekuna suna tsayawa ɗaya bayan ɗaya a bakin lungu, wasu daga Gwallameji, wasu daga Inkil, suna sauke su da kulolin abinci da gorunan ruwa, kowa sanye da tsohuwar rigar aikinsa. Suka tarar da tabarmi a ƙofar gida da maza zaune jugum. Wani ɗan mitsitsi a cikinsu ya ja rigar wani dattijo ya ce, "Baba, yau babu aiki ne?" Dattijon ya janyo hularsa ya rufe fuska.

Innata ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana kallon ƙasa tana cewa, "Ya riga ni kuma. Tun muna yara komai sai ya riga ni." Mai shagon katakon da ke tara wa Kawu guntaye, mutumin kudu ne, Kirista, 'yan biyunsa ma a zauren nan suka koyi riƙe zarto. Ya rufe shago ya zo ya tsaya gefe har aka idar da sallar gawa, yana share hawaye da bayan hannu, yana faɗi da irin Hausarsa, "Baba ta tafi, Baba ta tafi. Wa zai zo ya yi mini faɗa a kan ɗanyen katako?"

Duk wannan kuka ne mai tsabta, na ji shi na kuma taya. Abin da ya ƙona mini rai a cikin gida na ji shi, wurin mata.

Makarar da aka ɗauki Kawu a ciki sabuwa ce fil. Yaran makarantar hutunsa ne suka haɗa ta da hannunsu, suka kai masallacin unguwa kwanaki kaɗan kafin rasuwar, kuma shi ne na farko da aka ɗora a kanta. To, ana fita da shi, ko ƙurar masu rakiya ba ta kwanta ba, wata mata da ban ma san daga inda ta ɓullo ba ta karkata kai ta ce, "Ai dama! Wa ya taɓa jin yara sun haɗa makara? Sun yi wa mutuwa shimfiɗa, ba dole ta zo ta kwanta ba?" Ta kusa da ita ta karɓe, "Wai har da bahaguwa a ciki. An ce ita ta buga ƙusoshin." Bahaguwar nan 'yata ce ta fari, shekararta goma sha ɗaya, kuma tana tsaye a bayansu da tiren ruwa a hannu.

Wallahi ba don gawa ba ta daɗe da barin gidan ba, da sai an raba ni da matan nan. Na haɗiye. Amma magana zarar bunu ce. Yarinyar ta ajiye tiren a hankali ta shige ɗaki, kuma daga wannan lokacin ba ta yi kuka ba, ba ta ci abin kirki ba, ba ta ce uffan ba sai an tambaye ta. Duk inda ta zauna sai ta danne hannunta na hagu a ƙarƙashin cinya. Na ga 'yata tana shirin tsanar hannunta har ƙarshen rayuwarta, ta kuma ɗauki mutuwar mutumin da ta fi so a duniya ta aza a kanta. Don ita nake wannan rubutun, da sauran yaran da suka riƙe guduma tare da ita, su san wanda suka yi wa aiki.

Kawu malamin aikin hannu ne, ya koyar a sakandare har ya yi ritaya. Dogo ne na gaske, sai ya sunkuya yake shiga ɗakin Inna, kuma kullum da fensir maƙale a kunnensa a ƙarƙashin hula, har ranar Idi. Makarantar hutun da mu ta fara, mu 'ya'yan dangi. Wani dogon hutu ya shigo ya tarar da mu mun cika tsakar gida muna faɗa a kan wasan maciji da tsani, ya ce, "Kai! Wata biyu za ku yi a haka? Ku tashi." Ya kora mu zaure ya zube mana katako da ƙusa, ya ce kajin matarsa ba su da wurin kwana. Daga nan 'ya'yan maƙwabta suka fara leƙe, sai 'ya'yan 'yan kasuwa, sai na ma'aikata. Da ya yi ritaya abin ya zama ka'ida: duk dogon hutu, daga hantsi zuwa azahar, kowa ya koma gidan ubansa ya ci tuwon dare. Bai taɓa sa mata suna ba, bai kafa allo ba. Mutane dai suna cewa "wurin Baba Malam".

Abin da duk wanda ya ratsa zauren nan zai fara gaya maka shi ne hannayensa. A baya yake harɗe su, carbi na lilo a tsakani, yana zagaya yara. Ba ya karɓar guduma daga hannun yaro ko da kuwa yana kallon ɓarna ƙiri-ƙiri. Ka zo masa da kuka ka ce ƙafar kujera ta fi sauran tsawo, sai ya sunkuyo ya duba da kyau kamar bai taɓa ganin irin wannan masifa ba, ya ce, "Lallai kam. To, sai yaya?" Wannan "sai yaya" ta sa mu kuka ba adadi. Akurkin da muka yi na farko iska ɗaya ta kifar da shi da kaji a ciki. Muka tsaya muna jiran duka. Ya zagaya shi, ya ɗago kai ya ce, "Kajin sun ce ba su gamsu ba. To, sai yaya?" Sai da muka sake shi daga tushe, yana tsaye yana cin dafaffiyar gyaɗa.

In iyaye suka yi ƙorafi cewa yana barin yara suna ɓata kaya, cewa yake yi, "Wanda bai ɓata katako ba, kallo ya iya." Yana kuma cewa, "Na yi shekaru ina ba yara maki a kan zanen guduma, alhali ba su san nauyinta ba. Bari in biya bashin kunya kafin in mutu."

Ba katako kaɗai ba ne. Yana da 'yar gona a Inkil, ranar Alhamis can ake kwasar yara, kowa da kunyarsa ta gyaɗa, kowa da fartanya. Wata shekara wani ɗan gayu daga sababbin gidajen Gwallameji ya binne irinsa kamar mai haƙa rijiya. Kawu na kallo bai hana shi ba. Na kowa ya tsiro, nasa shiru. Yaron ya zauna a kan kunya yana rusa kuka, Kawu ya zauna kusa da shi cikin taɓo da farar rigarsa, suka tona tare da yatsa har suka ga irin ya ruɓe a can ƙasa. Yau wannan yaron aikin gona yake karanta a jami'a, ya zo gaisuwa da gemunsa. Wata rana kuma sabulu ake dafawa, wata rana a haɗa batir da waya da ɗan ƙwai a cikin gwangwanin madara, yaro ya tafi gida da fitilarsa yana addu'ar a ɗauke wuta don ya nuna.

'Yata kuwa tun tana rarrafe da hagu take kai hannu. Mun koya mata ci da dama, da gaisuwa, da miƙa abu, wannan ai tarbiyya ce. Amma mutane ba su tsaya nan ba. A makaranta an buge mata yatsu a kan fensir. A dangi kuwa babu kamar ƙanen Kawu, wanda muke kira Kawu Ƙarami. Babban ma'aikaci ne da ya yi ritaya, mutum mai son komai a kan layi, ko ƙofa ta tura da hagu sai ya ce, "Ke! Mayar da shi. Hannun banza." Har yarinya ta koyi ɓoye hannunta kamar kayan sata.

Hutunta na farko a zaure, Kawu ya tsaya a bayanta tana fama da zarto da hannun dama, yankan yana tafiya kamar hanyar maciji. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Ƙawata, wannan hannun aro ne. Ina na gasken?" Ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Tuwo na dama ne, gaisuwa ta dama ce, wannan babu gardama. Amma zarto bai san dama ba bai san hagu ba. Fito da shi in gani." Ta sauya hannu tana waige-waige, ta yanka, ya tafi sak a kan layin fensir. Kawu ya yi wata dariya har da buga ƙafa, ya sa aka mayar da ita can ƙarshen benci don kada gwiwar hannunta ta riƙa karo da ta wani. Daga ranar ya sa mata Injiniya. Da ta dawo gida ba ta bar mu mun huta ba, har ƙofar bayi sai da ta gyara.

Maganar makara kuwa daga jana'izar wani maƙwabcinsu ta taso, farkon daminar nan. Tsohuwar makarar masallacin ta gwangwala ce, ɗaure da igiya, ruwa ya ci ta, gara ta ci ta. Ana cikin tafiya gefe ɗaya ya ɓalle, ba don mutane sun yi saurin tarewa ba da gawar ta kai ƙasa. Kawu ya dawo gida ransa a ɓace, ya ƙi cin abinci. Ya ce wa matarsa, "Unguwa cike da masu motoci, a rasa abin da za a kai bawan Allah gidansa na gaskiya da mutunci!" Kowa ya ce za a yi, za a yi. Hutu ya zo ba a yi ba.

Sai ya tara manyan yaran ya gaya musu abin da ya faru, bai ɓoye komai ba. Ya ce wanda yake so ya zo a haɗa sabuwa, wanda ba ya so ga kujeru can ya ci gaba, babu laifi. Ya kuma ce kowa ya je ya tambayi iyayensa. Ni dai da 'yata ta tambaye ni sai da gabana ya faɗi, amma na ce ta je, don na san wanda ya kira ta. Wasu iyayen suka janye 'ya'yansu gaba ɗaya.

Ina nan ranar da Kawu Ƙarami ya zo, na je ɗaukar yarinyar. Ya yi sallama a tsaitsaye, ya dubi katakon da aka jera, ya ce, "Yaya, ka rasa abin da za ka koya wa 'ya'yan mutane sai makara?"

Kawu ya ce, "Kai kuma ka rasa abin da za ka hau ranar ƙarshe sai ruɓaɓɓiyar gwangwala?"

"A kira kafinta mana! Ni zan ɗauki nauyi."

"Tun yaushe kake ɗauka? Kuma su waɗannan da kake gani mene ne? Suna karanta hukuncin wankan gawa a Islamiyya, kana murna. Su taɓa katakon da za a ɗauke ta, ya zama abin tsoro?"

Kawu Ƙarami ya ce, "Gidanmu gidan malamai ne. Ka mayar da zauren mahaifinmu shagon kafinta na yi shiru. Wannan kuwa jawo mana abu za ka yi. Ka ji na gaya maka."

Kawu ya saki hannayensa daga baya, abin da ba ya yi, ya nuna ƙofa ya ce, "Canfi a bakin ɗan malam. Je ka, kana tsare wa yara haske."

Ya fita yana karkaɗe babbar riga. Daga ranar ko a masallaci sai dai su haɗu a sahu su rabu. Inna ta yi ta kai gwauro tana kai mari a tsakaninsu, kowa ya ce ɗayan ya fara zuwa. Ba su shirya ba har Allah ya yi ikonSa.

Na yi duk abin da uwa za ta yi. Na zaunar da 'yata na ce ajali rubutacce ne tun kafin a haifi mutum. Ta ce ta sani, har ayar ta karanto mini. Inna ta kira ta ta faɗa mata abin da ni kaina ban sani ba: tun kafin azumi likita ya gaya wa Kawu zuciyarsa ta gaji, ya roƙi Inna kada ta faɗa wa kowa don kada a hana shi buɗe zaure. Yarinyar ta saurara, ta ce to. Ta koma ta zauna a kan hannunta. Idonta ya faɗa, wuyanta ya yi tsawo, in na kai mata tuwo sai ta taɓa miya ta ture. Tsoro ya kama ni sosai.

Ranar addu'ar bakwai da aka watse, na samu Kawu Ƙarami shi kaɗai a kan tabarma. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, ka gafarce ni, zan yi rashin kunya. Maganar da ka faɗa a zaure ita mata suka ɗauka suna yawo da ita, ta faɗo a kan 'yata. In ta lalace, ban san wanda zan kama ba." Na zaci zai daka mini tsawa. Bai ko dube ni ba. Shi ma ya rame, sai a lokacin na lura.

Bayan la'asar, ruwa ya ɗauke ke nan, sai ga shi ya shigo zaure. Yarinyar tana can a ƙarshen benci inda ta saba zama. Ya janyo wata karkatacciyar kujera 'yar tsugunne da wani yaro ya yi, ya zauna da babbar rigarsa a gabanta. Ni ina bakin ƙofa.

Ya ce, "An ce kin daina cin abinci."

Ta ƙara danne hannunta a ƙarƙashin cinya. Ya ci gaba.

"Maganar mata ce? Ni na fara faɗinta, kuma ƙarya na yi. Fushi ne."

Ta girgiza kai. Can ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Baba Alhaji, ba ƙusa kaɗai na buga ba. Ni na gwada shi."

Ban gane ba, shi ma bai gane ba. Sai ta ci gaba. Ranar da za su fara yanka, sun tambayi Kaka, haka take kiran Kawu, tsawon nawa za a yi, ya ce bai sani ba, su nemo. Wani ya ce a gwada mutum. Kaka ya ce to a gwada wanda ya fi kowa tsawo a unguwa, don ta ishi kowa. Ya shimfiɗa tabarma ya miƙe a ƙasa, ya rufe ido, yara suna ta dariya. Ita ta ja tef daga kansa zuwa diddige.

Ta ce, "Na ce masa, Kaka, kar ka motsa. Bai motsa ba."

Kawu Ƙarami ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago hawaye ya jiƙa masa gemu.

Ya ce, "Ku mata ba ku zuwa maƙabarta, bari in ba ki labarin abin da ba ki gani ba. Kin san ana karɓa-karɓa ne, kowa ya ɗan ɗauka ya ba wani ya sami lada. Ni na kama gaba tun daga ƙofar gidan nan, duk wanda ya zo karɓa na ce a'a, har bakin kabari. Ranar jana'izar maƙwabcinmu ma ina riƙe, na ji yadda waccan tsohuwar take kuka a kafaɗata kafin ta ɓalle. Wannan kuwa mun bi caɓi da ita, mun tsallake kwata, mun hau tudu, ko ƙas ba ta ce ba. Yayana ya tafi ba a girgiza shi ba." Ya share fuska da hannun riga. "Ni da muka fito ciki ɗaya, abin da na ba shi na ƙarshe baƙar magana ce. Ke kin ba shi wurin kwanciya."

Ta ɗago ta dube shi, karo na farko. Ta ce, "Ta ishe shi? Ƙafarsa ba ta fito ba?"

"Ta ishe shi. Har da ɗan saura."

Ta ce, "Shi ya ce in ƙara taƙi ɗaya. Wai kada a matse mutum."

Daga nan kukan ya zo. Ta kifa kai a gwiwar tsohon ta yi kukan mako guda, da hannu biyu ta ƙanƙame shi, shi ma yana yi, ni ma ina yi a bakin ƙofa, har Inna ta fito da gudu ba mayafi. Babu wanda ya ce wa wani ya yi haƙuri.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo, dogon nan mai fensir a kunne. Ka yafe masa kurakuransa, Ka karɓi abin da ya bari a hannun yara, Ka ba mu haƙurin rashinsa. Ka yalwata masa makwanci, ya Ubangiji. Kada a matse shi.